Ruwan Ƙirji: Abin da Ake Zubarwa Kafin a Karanta

Damina na shirin ɗaukewa aka kawo gwaggona Birnin Kebbi daga wani ƙauye na ƙasar Argungu, a zaune cikin mota, don wata biyu ke nan rabonta da kwanciya. Da zarar ta miƙe bisa katifa sai numfashi ya tsaya mata a maƙogwaro, saboda haka a jingine take kwana, an tara mata matasai a baya. Likitan da ya duba ta ya shimfiɗa tafin hannunsa na hagu a bayanta, ya riƙa ƙwanƙwasa yatsa da yatsa yana gangarawa. Ɓangaren hagu ya ba da amo kamar ƙwaryar da ba komai ciki. Na dama kuwa, daga tsakiyar baya zuwa ƙasa, ɗif, kamar an bugi bangon laka. Hoton ƙirji ya tabbatar da abin da kunne ya riga ya ji: rabin huhun dama ya ɓace cikin fari.

Ya sa ta zauna ta rungume matashi a kan tebur, ya kashe wurin da allura, sannan ya soka wata tsakanin haƙarƙari biyu. Ruwa ya biyo roba, launinsa kamar shayin da ya ji ganye, da ɗan ja-ja a ciki. Da ya haura lita guda sai ya tsayar.

"Wanga ruwa duk cikina yah hito?" in ji ta.

"Daga nan ya fito, Inna, kuma da saura. Amma ba a kwashe shi duka rana ɗaya, huhun sai a hankali yake buɗewa."

Daren nan ta yi barci a kwance. Ni kuwa abin da ya tsaya mini a rai shi ne, ƙananan sirinji biyu aka cika aka ba ni in kai lab, sauran kuma na ga an ɗauka an juye a makwarara. A lokacin ban ga aibun haka ba. Ruwan cuta ne, me za a yi da shi?

Huhu ba ya manne da haƙarƙari. Wani siririn tantani ne ya lulluɓe shi, wani irinsa kuma ya shafe cikin ƙirji, tsakaninsu akwai ɗan ruwa, a mai lafiya bai wuce mililita 10 zuwa 20 ba, wato cokali ɗaya ko biyu. Aikinsa santsi, don huhu ya riƙa zamewa in an ja numfashi. Ruwan kullum cikin sabuntawa yake: yana tsatsowa daga ƙananan hanyoyin jini, yana fita ta wasu 'yan ƙofofi da ke jikin tantanin ƙirji zuwa magudanan ruwan jiki. Duk manomin shinkafa a fadamar Rima ya san wannan lissafi. Ambaliya na zuwa ne ko dai don an sako ruwa da yawa daga sama, ko don mafita ta toshe. Ciwon daji idan ya iso tantanin huhu yakan yi duka biyun. Ƙwayoyinsa na fitar da wani sinadari da ake kira VEGF, wanda ke sa hanyoyin jini yoyo, sannan su kansu suna cushe ƙofofin da ruwan zai bi. Wurin da aka yi don cokali biyu sai ya ɗauki lita biyu ko uku, huhu ya takure a gefe.

Sankarar huhu da sankarar mama su ne kan gaba wajen kawo wannan ruwa, sai sankarar kaluluwa da ta ƙwan mace. Kuma ba labari ne mai daɗi ba. Samun ƙwayoyin daji a ruwan na nufin cutar ta bar inda ta fara. A sankarar huhu wannan kaɗai ya isa a ce an kai mataki na huɗu. Matsakaicin abin da marasa lafiya ke yi bayan haka, a lissafin likitoci, wata 3 zuwa 12 ne, gwargwadon irin dajin. Masu sankarar mama sukan fi daɗewa, musamman idan aka dace da maganin da ya dace da tasu.

Sai dai a ƙasarmu ruwan ƙirji yana da uban gida da ya fi daji suna, shi ne tarin tibi. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tibi, don haka ma'aikacin lafiya da ya ga tari da rama da ruwa a ƙirji, zuciyarsa can take fara tafiya, kuma sau da yawa yana da gaskiya. Matsalar ita ce cututtukan biyu suna kama da juna har a cikin kwalba. Dukansu suna ba da ruwa mai yawan furotin, irin wanda ma'aunin da likitan Amurka Richard Light ya fitar a 1972 ke warewa daga ruwan ciwon zuciya ko na ƙoda. Dukansu kan cika da irin sojojin jini guda, limfosait. Na'urar GeneXpert da ke kama tibi a majina ba ta cika kama shi a ruwan ƙirji ba, don ƙwayoyin cutar kaɗan ne a ciki. To, idan gwaji ya ce babu, ba a iya cewa babu, sai a ce a fara magani a gani. Gwaggo ta sha ƙwayoyin tibi wata uku daga wani ƙaramin asibiti kafin a kawo ta. Ba wanda ya ce ta buɗe ƙirjinta a duba. Ita kuma, da kunya irin ta iyayenmu, ba ta gaya wa kowa ba cewa akwai ƙullutu a mamanta na dama tun shekara biyu da suka wuce, tana shafa masa magani a ɓoye.

A lab, abin da ake yi da ruwan tsohuwar sana'a ce. Ana juya shi a na'ura har ƙwayoyin halittar da ke ciki su kwanta a ƙasa, a shafa guggubin a gilashi, a rina da rinin da George Papanicolaou ya haɗa, wanda aka fi sani a gwajin bakin mahaifa, sannan masani ya duba a madubin likita. Yana neman ƙwayoyi masu manyan cibiyoyi, marasa tsari, waɗanda sukan dunƙule kamar curin fura. Aikin da wuya, domin ƙwayoyin tantanin kansa idan suka fusata sukan kumbura su yi kama da daji. Ko a manyan asibitocin Turai, gwajin farko yana kama kimanin rabi zuwa kashi 60 cikin 100 ne kawai na masu dajin da gaske.

Sakamakon Gwaggo na farko ya ce ba a ga ƙwayar daji ba. Muka yi murna, har da sadaka. Bayan kwana goma sha biyu ruwa ya dawo. Wani likitan ne ya ce mini, cikin natsuwa, abin da aka aika bai kai ba. Ƙa'idar likitocin ƙirji na Birtaniya ita ce a aika mililita 25 zuwa 50, cikin ƙaramin kofin shayi ke nan, kuma a nemi a yi abin da suke kira sel-bulok. Wato a tattara guggubin, a daskarar da shi cikin kaki, ya zama ɗan dunƙule kamar tsokar da aka yanko, a riƙa fere shi siriri-siriri ana gwada shi da rini iri-iri. Kowane rini tambaya ce. TTF-1 idan ya kama, ana zargin huhu. Kalretinin na nuna ƙwayar tantani ce. Rinin isturojin da na HER2 kuwa su ke faɗin wace irin sankarar mama ce, kuma wane magani take ji. Tambayoyin nan duk ana iya yi wa ruwan da na ga an juye.

Turawa sun daɗe da gane darajarsa. A 1970, a birnin Ditroit, masana sun ɗebi ruwan ƙirjin wata mata mai shekara 69 da ke fama da sankarar mama, suka raya ƙwayoyin a kwalba. Matar ta rasu a shekarar, amma ƙwayoyin, masu suna MCF-7, har yau suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya, kuma da su aka yi babban ɓangare na nazarin yadda maganin tamoksifen ke aiki. MDA-MB-231, da ake nazarin sankarar mama mai zafi da ita, daga ruwan ƙirjin wata mata aka samo a Hustan a 1973. SK-BR-3 ma haka, a Niyok. Dalilin a fili yake: ƙwayoyin daji a cikin ruwa sun riga sun rabu da juna, suna yawo a raye, ba sai an yanka an niƙa ba. Ƙwayar tamoksifen da ake sayarwa yau a kantin magani a Birnin Kebbi, akwai hannun wannan ruwa a tarihinta.

Sai dai masu wancan zamani sun ɗauki daji a matsayin abu guda. A 1976 Peter Nowell ya kawo hujjar cewa daji daga ƙwaya ɗaya yake farawa, amma yayin da take rarrabuwa 'ya'yanta na yin kurakurai wajen kwafar rubutun gado, sai dangi ya rabu gida-gida. A 2012 ƙungiyar Charles Swanton a Landan ta yanki sassa daban-daban na ƙari guda a ƙodar mara lafiya, ta tarar mafi yawan sauye-sauyen gadon ba a kowane sashe suke ba. Ƙari ɗaya, gidaje da yawa. Daga nan tambayar ta sauya, daga "akwai daji?" zuwa "su wane ne a ciki, kuma nawa ne kowane?"

Wanda ya taɓa tsayawa a bakin Matan Fada na Argungu ranar su zai fahimci bambancin. Idan aka ba da izini, dubban masunta suka auka da homa da gora, idon jama'a da ma'auni duk suna kan abu ɗaya ne, giwar ruwan da ta fi nauyi. Tun 1934 bikin Argungu haka yake, kuma ba laifi, biki ne. Amma mai son sanin kogin ba wurin ma'auni zai tsaya ba. Zai koma gefe inda ake zazzage homa, inda masu banda ke ware tarwaɗa daban, karfasa daban, ƙurungu daban, har da ƙananan da ba mai kallo. Tsohuwar hanyar karanta gadon daji ta fi ma ma'aunin muni: a haɗa miliyoyin ƙwayoyi a narke su tare, a karanta matsakaicinsu, kamar a dake duk kifin a turmi guda a ɗanɗana a ce ga abin da ke cikin kogi. Wanda ya fi yawa shi zai rinjaye baki. Ɗan ƙaramin gida, ƙwaya ɗaya cikin ɗari, ba za a ji ɗuriyarsa ba, alhali wataƙila shi ne zai kashe mai cutar.

Hanyar ware su ɗaya-ɗaya sabuwa ce. Kusan kowace ƙwayar halitta a jikin mutum na ɗauke da littafin gado iri ɗaya, mai babi kusan 20,000, wato di-en-e. Abin da ya bambanta ƙwayar huhu da ta hanta shi ne babin da kowace ta kwafo a allonta take aiki da shi yau, kwafin nan shi ne ar-en-e. A 2009 Tang Fuchou da abokan aikinsa a Kambirij suka karanta allon ƙwaya guda tak. A 2015 wasu ƙungiyoyi biyu a Jami'ar Harvard suka fito da dabarar da ta mayar da abin na dubbai: ana tura ƙwayoyin ta wata hanya da ba ta wuce kaurin gashi ba, kowace ta faɗa cikin ɗigon ruwa da mai ya kewaye, tare da ɗan dutse mai lamba tasa shi kaɗai. A cikin ɗigon ƙwayar ke fashewa, lambar ta manne wa duk abin da ya fito daga gare ta, kamar yadda manomi ke sa shaida a buhunsa kafin a loda a mota. Sai a haɗa duka a karanta, kwamfuta ta mayar da kowane rubutu ga mai shi. Abin da ke fitowa taswira ce mai ɗigo-ɗigo, kowane ɗigo ƙwaya, masu kama da juna sun taru unguwa-unguwa. A 2020 masana a Seoul ta Koriya ta Kudu sun yi wa ƙwayoyi fiye da 200,000 haka, daga masu sankarar huhu 44, har da na ruwan ƙirji.

Abu na farko da taswirar ke nunawa ya ba ni mamaki: a yawancin lokuta ƙwayoyin daji su ne marasa rinjaye a ruwan. Sojojin jiki ne suka cika wurin. Akwai makurofaj, manyan ƙwayoyi masu haɗiye ƙazanta da abokan gaba, amma da yawansu a nan sun koma 'yan amshin shata, suna fitar da sinadaran kwantar da faɗa da na ƙara yoyon jini. Akwai limfosait masu kisa, waɗanda suka yi yaƙi har suka gaji, jikinsu ɗauke da wani birki mai suna PD-1. Magungunan zamani na garkuwar jiki irin wannan birkin suke sakewa, aikin da ya sa James Allison da Tasuku Honjo suka sami kyautar Nobel a 2018. Akwai kuma wasu limfosait da aikinsu hana 'yan uwansu faɗa. Runduna ce cikakkiya, ga abokin gaba a tsakiyarta, amma ba mai ɗaga hannu.

Su kansu ƙwayoyin dajin ba kansu ɗaya ba. Wasu na cikin rarrabuwa, su ne allurar kimo ta fi kamawa. Wasu sun saki siffarsu ta asali sun zama masu tafiya. Wasu kuma sun yi abin da gaiwa ke yi. Kowane yaron fadama ya san gaiwa: idan ruwa ya janye sai ta nutse cikin laka, ta lulluɓe kanta da majina, ta rage numfashi, ta kwana rani guda a busasshiyar ƙasa, da ruwa ya dawo ta fito kamar ba a yi ba. A 2010 masu bincike a Boston suka nuna cewa idan aka zuba wa ƙwayoyin sankarar huhu magani mai ƙarfi, kusan duka suna mutuwa, amma 'yan kaɗan sukan lafe, ba girma ba mutuwa, har maganin ya wuce. Wannan na cikin dalilan da hoto kan nuna ƙari ya tafi, bayan watanni ya dawo. An ga irin haka a fili da magungunan sankarar huhu mai sauyin gado na EGFR, sauyin da aka gano a 2004: suna aiki kamar sihiri na kusan shekara, sai wani gida mai sauyin T790M ya mamaye a kimanin rabin marasa lafiya, har sai da aka fito da osimatinib a 2015 dominsa. A sankarar mama ma, ƙwayar da ta yi ƙaura wani lokaci takan bambanta da ta asali wajen isturojin ko HER2. Saboda ruwan ƙirji na dawowa, kuma dole a cire shi don numfashi, shi ne wuri mafi sauƙi da za a riƙa leƙa cutar ana ganin yadda take sauyawa, ba tare da an ƙara wa mara lafiya wuƙa ba.

Kada in yaudari mai karatu. Karatun ƙwaya ɗaya-ɗaya har yanzu aikin bincike ne ko a Amurka, ba gwajin da likita ke rubutawa a kati ba. Samfuri guda na cin dala dubu ko fiye, yana son ƙwayoyi masu rai cikin sa'o'i kaɗan, da sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa. Duk wanda ya ce a kawo wannan Argungu gobe bai san abin da yake faɗa ba. Amma ina da ƙorafi biyu, ɗaya na nesa ɗaya na kusa.

Na nesa shi ne taswirar da ake zanawa. Tun 2016 aka ƙaddamar da babban aikin ƙidayar ƙwayoyin jikin ɗan Adam, kuma mafi yawan samfuran daji da aka karanta daga Turai da Amurka da gabashin Asiya suke. Bambancin ba wasa ba ne. Sauyin EGFR ya fi yawa nesa ba kusa ba a mutanen gabashin Asiya fiye da Turawa. Binciken Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago da abokan aikinta na Ibadan ya nuna matan Afirka ta Yamma sun fi yawan kamuwa da sankarar mama irin wadda ba ta jin maganin isturojin ko na HER2. Sannan babu wanda zai yi nazarin yadda sojojin jiki ke kasancewa a ƙirjin da ya sha tibi da hayaƙin itace da ƙurar hunturu, in ba mu ba. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta duniya ta 2022 ta ba Nijeriya sababbin masu cutar fiye da 120,000 a shekara, sama da 30,000 daga ciki sankarar mama, kuma galibi sai cuta ta yi nisa suke isowa. Ma'ana, ruwan da ake nema da kuɗi a wasu wurare, a nan lita-lita ne kullum. Iyawa ma ba a rasa ba: cibiyar Farfesa Christian Happi da ke Ede ce ta fara karanta gadon ƙwayar korona a Afirka a Maris na 2020. Kuma Kebbi na da murya a wannan fage, tun da a 2024 aka zaɓi Dokta Zainab Shinkafi-Bagudu, wadda ta kafa gidauniyar Medicaid, shugaba mai jiran gado ta ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta duniya da ke Geneva.

Na kusa kuwa ba ya buƙatar dala. Mara lafiya daga Argungu ko Augie ko Kalgo yana da inda zai je a Birnin Kebbi, Asibitin Tunawa da Sir Yahaya ko asibitin tarayya da jama'a suka saba kira FMC, idan kuma abu ya kai ga gashi a wuce Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 150. Abin da ya kamata ya zama al'ada a kowane mataki na wannan hanya shi ne: duk babban da aka cire wa ruwa a ƙirji ɗaya, a duba mama da wuya da hammata, a aika cikin kofi, ba cikin cokali ba, a rubuta a takarda cewa ana son sel-bulok, idan na farko ya ce babu, a sake. Wanda kuma aka sa wa maganin tibi bisa zato, in wata biyu ya wuce ba sauƙi, a koma baya a sake tunani. Dangin mara lafiya ma suna da haƙƙin tambaya: "Likita, nawa aka aika, kuma me aka ce a duba?" Ni ban san zan yi wannan tambaya ba.

Karo na biyu aka cika babbar sirinji, aka yi dunƙulen kaki, aka aika wani gari don rinin. Bayan mako uku takarda ta dawo: sankarar mama ce, mai jin isturojin. Aka sa mata roba a ƙirji har ruwan ya tsane, aka zuba maganin da ke manne tantanin biyu don kada a sake samun wurin taruwa, aka ɗora ta kan ƙwaya guda a rana. Ta koma gida, ta ga girbin shinkafar shekarar da na mai bi mata, tana zama a ƙofar ɗaki tana tsince tsakuwa a faifai, tana faɗa da jikoki. Sai tari ya dawo, wannan karon ta hagu. Ta rasu ana saura kwana shida azumi. Takardar sakamakon na nan a wurina, da lambar dunƙulen kakin a kusurwarta ta sama, an rubuta da jan biro.